Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin Detroit Red Wings: kada ku sa wa kowa rigar Lidström

Detroit, 15 ga Yuni, 2012

Zuwa ga Babban Manaja Ken Holland, da Koci Mike Babcock, da iyalan Ilitch masu ƙungiya.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi mana jajen abin da ya same mu baki ɗaya.

Yau mako biyu ke nan da Nicklas Lidström ya zauna gaban 'yan jarida a Joe Louis Arena, filin wasanmu, ya ce ya ajiye sanda, wato ya yi ritaya daga wasan hoki. A wurin aiki labarin ya riske ni, ta rediyo, kuma na ga manyan mutane masu furfura sun tsaya cak da kayan aiki a hannu, ba mai ce wa wani uffan. Ya ce da ya koma motsa jiki bayan an gama kaka, ƙarfinsa da kuzarinsa ba su dawo yadda ya saba ba, kuma ya fi son ya bar wasan da mutuncinsa da a wayi gari wasan ne ya bar shi. Yallaɓai Holland, ku da bakinku kun ce tun da kuka karɓi kujerar nan a 1997 kuke fargabar wannan rana. To, ga ta ta zo. Abin da za ku yi tsakanin yau da 1 ga Yuli, ranar da kasuwar 'yan wasa za ta buɗe, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni ba kowa ba ne a harkar nan face mai sayen tikiti. Na sauka garin nan a ƙarshen 1996, cikin sanyin da ban taɓa jin irinsa ba, ban san komai game da hoki ba. Abokan aiki ne suka ja ni kallo, kuma Allah ya sa na shigo a kan gaɓa. Ranar 7 ga Yuni, 1997, na kalli wasa na huɗu na karawar ƙarshe da Philadelphia, inda Lidström ya ci ƙwallon farko ana dab da tafiya hutu, Darren McCarty ya ƙara ta biyu, garin nan ya ɗaga kofin Stanley, babban kofin gasar, bayan shekara 42 yana jira. Kafin a fara wannan karawa kowa na tambayar wa zai tare Eric Lindros na Philadelphia, ƙato mai ƙarfin bijimi. Kocinmu na lokacin, Scotty Bowman, bai tura masa ƙato irinsa ba, sai ya tura Lidström da Larry Murphy, mutum biyu da ba su cika bangazar kowa ba. Ƙwallo ɗaya tak Lindros ya ci a wasanni huɗu, ita ma saura daƙiƙa 15 a tashi. Tun daga ranar idona ke kan mai lamba 5, wato Lidström.

Da Hausa nake rubuta muku domin da ita nake tunani, kuma ina so 'yan'uwana da za su ci karo da wasiƙar nan su gane girman abin da muke magana a kai. Don haka ku yi mini haƙuri in ɗan juya gare su. Hoki ƙwallon gora ne da ake bugawa a kan ƙanƙara, da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa. Ƙwallon baƙar roba ce mai tauri, shimfiɗaɗɗiya kamar masa. Kowane ɓangare mutum shida ne a fili: gola, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Minti 60 ake yi, kashi uku, kuma saboda tsananin gudu ba mai daɗewa a ciki. Ko minti ɗaya ba a cika yi ba ake fita a huta, wani ya shigo ana tsaka da wasa. 'Yan baya shida ƙungiya ke sa wa riga a kowane dare, amma ba a raba musu lokaci daidai. Babbansu kan yi minti 25 ko fiye, wato kusan rabin wasan yana ciki, kuma duk lokacin da abokan gaba suka sako gwanayensu shi ake sako musu. Shekara 20 Lidström yana wannan aiki a ƙungiya ɗaya.

Lissafin kun fi ni saninsa: wasanni 1,564, ƙwallaye 264, maki 1,142 (ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci), kofin Stanley huɗu a 1997 da 1998 da 2002 da 2008, kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya sau bakwai, ta ƙarshen yana da shekara 41. Bobby Orr kaɗai ya fi shi, da guda ɗaya. Amma in na ce ku dubi lissafi kawai na cuce ku, domin mafi yawan aikinsa ba ya shiga takarda. Mai gudu zai taso masa da ƙwallo kamar iska, shi kuwa yana ja da baya a natse, sandarsa a ƙasa, yana rage masa hanya kaɗan-kaɗan har ya kai shi jikin katanga, sai ka ga ƙwallon ta koma hannunmu ba tare da an ji ƙarar komai ba. Abokan gaba za su ɗaga ƙwallo sama don su fitar da ita daga gidansu, ya sa sanda ya kakkaɓo ta a iska a kan shuɗin layi, iyakar gidansu, harin ya ci gaba. Ya san katangar bayan raga ta Joe Louis kamar tafin hannunsa. Da gangan yakan buga gefe don ƙwallon ta dako ta dawo gaban gola inda ɗan'uwansa ke jira. In Tomas Holmström ya tsaya ya rufe wa gola ido, Lidström ba ya bugawa da iya ƙarfinsa, yana aika ta ne daidai inda sandar Holmström za ta taɓa. A shekara 20, minti 514 kacal ya yi a bencin horo. Wasu 'yan bayan kan tara wannan cikin kaka uku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙwallon farko da yake fitarwa daga gidanmu. Duk salon Detroit na riƙe ƙwallo, wanda Pavel Datsyuk da Henrik Zetterberg suka yi suna da shi, daga nan yake farawa. In ɗan baya ya ɗauko ƙwallo a bayan raga, ana binsa da gudu, sai ya zaɓa cikin ƙiftawar ido: ko ya watsar da ita ta jikin gilashi ya huta, ko ya ɗaga kai ya ɗora ta a kan sandar ɗan gaba da ke cikin gudu. Na farkon kowa ya iya. Na biyun shi ne abin da muka sha kallo har muka ɗauka haka ake yi a ko'ina.

Ina tuna 2002. Vancouver ta zo gidanmu ta cinye mu wasa biyu a jere, gari ya ruɗe, ana cewa tsofaffi sun gaji. A wasa na uku, ana kunnen doki ɗaya da ɗaya, ya buga daga tsakiyar fili ta wuce golansu Dan Cloutier, daga nan ba mu sake faɗuwa a hannunsu ba. A wasa na uku na karawar ƙarshe da Carolina, wanda ya kai ƙarin lokaci na uku, sama da minti 50 ya yi a ciki, kuma bugunsa ne Brett Hull ya taɓa aka farke saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. Wanda ya kalli fuskarsa a ƙarshen daren ba zai ce ya yi wani aiki ba.

Na kawo duk wannan ne don in faɗi magana ɗaya, kuma ita ce dalilin wasiƙar: mutumin da ya tafi aikin mutum uku yake yi, ko huɗu, kuma babu wani ɗan wasa guda a duniya yau da za ku sayo ya ɗauke su duka. Shi ne mai tare gwanin abokan gaba. Shi ne mai jan ragamar hari idan an kori ɗaya daga cikinsu muka fi su yawa. Shi ne kuma na farko da ake turawa idan namu aka kora. Ga kyaftin, wanda natsuwarsa ke sauka a kan kowa a ɗakin sauya kaya. Ina jin tsoron kada ku shiga kasuwa kuna neman mutum ɗaya da za ku nuna wa gari ku ce ga magajinsa. Duk wanda kuka ɗora wa wannan suna kun karya shi tun bai taka ƙanƙara ba, domin kowane kuskure nasa da wanda ba ya kuskure za a auna shi.

Kuma giɓin ya fi na mutum ɗaya. Brian Rafalski ya yi ritaya a Mayun bara ya bar dala miliyan 6 a kan tebur. Brad Stuart ya daɗe yana so ya koma kusa da iyalinsa a California, kuma kwana biyar da suka wuce kun miƙa haƙƙinsa ga San Jose, abin da na ga ya dace da mutumin da ya yi mana aiki tsakani da Allah. Ke nan cikin 'yan baya huɗu da suka ɗauko kofin 2008, Niklas Kronwall kaɗai ya rage. A nan zan faɗi abin da ba zai yi muku daɗi ba. Ba wanda ya zo muku ba zato. Shekarun Lidström ba a ɓoye suke ba, kuma shekara biyu ke nan yana sa hannu a kwantiragin kaka ɗaiɗai. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma tun Brendan Smith a 2007 ba ku sake ɗaukar ɗan baya a zagayen farko na zaɓen matasa ba. Kyle Quincey namu ne, ku kuka zaɓe shi, kuka bar Los Angeles ta ɗauke shi kyauta a 2008, sannan a Fabrairun bana kuka sayo shi daga Tampa da zaɓenku na zagayen farko. Mako mai zuwa a Pittsburgh, sauran ƙungiyoyi za su hau mumbari daren farko, mu kuwa muna zaune sai washegari.

Mun ma ɗanɗani rayuwa ba shi. Mun ci wasa 23 a jere a gida, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar, muna saman tebur. Sai ƙwallo ta same shi a idon sawu a ƙarshen Fabrairu, ya rasa wasanni 11. Gaskiya ne ba shi kaɗai ya ji rauni a lokacin ba, amma duk mai ido ya ga yadda fita daga gidanmu ta zama wahala, yadda 'yan gaba suka riƙa dawowa can ƙasa neman ƙwallon da a da take iske su. Muka sulale zuwa na biyar, muka faɗa hannun Nashville, suka fitar da mu a wasa biyar, ƙwallo tara kacal muka iya zura wa golansu Pekka Rinne. Watan Maris ɗin nan shi ne hoton abin da ke gabanmu in ba a sauya tsari ba.

Na san sunan da ke bakin kowa: Ryan Suter, ɗan bayan Nashville. Ku neme shi, ban ce kada ku nema ba. Shekararsa 27, yana yin sama da minti 26 a dare ba ya haki, kansa a ɗage yake, ya san inda zai tsaya, kuma mun ga aikinsa da idonmu a watan Afrilu. Cikin duk waɗanda kwantiraginsu ke ƙarewa bana ba wanda ya kama ƙafarsa. In ya amsa, Alhamdu lillahi. Amma ku riƙe abu biyu. Na ɗaya, ba ku kaɗai ke zawarcinsa ba. Nashville na son ta riƙe abinta, kuma duk ƙungiyar da ke da sarari a albashi za ta kira shi. Shi ɗan Wisconsin ne mai iyali, kuma abin da zai sa mutum ya zaɓi gari ba kuɗi kaɗai ba ne. Na biyu, shekarun da ya yi fice a gefen Shea Weber, babban ɗan bayan Nashville, ya yi su. Ba aibu ba ne, amma a nan ba Weber. Tambayar da nake so ku amsa wa kanku tun yanzu, kafin wayar ta yi ƙara, ita ce: in ya ce a'a fa?

Domin ranar da aka ce wa mai kuɗi a'a ita ce ranar da yake sayen abin da ba ya buƙata. Tarihin ƙungiyar nan ya isa shaida. Bayan haɗarin motar da ya raba mu da Vladimir Konstantinov kwana shida da ɗaga kofin 1997, an nemi wanda zai cike gurbinsa, aka kawo Uwe Krupp a 1998 da kwantiragin shekara huɗu na sama da dala miliyan 16. Wasa 30 ya buga mana a kakar yau da kullum cikin waɗannan shekaru. A 2003 aka kawo Derian Hatcher, ɗan jihar nan, shekara biyar a kan dala miliyan 30. Gwiwarsa ta lalace a farkon kaka, ya buga wasa 15, a 2005 aka biya shi aka sallame shi. Ban manta da waɗanda suka yi kyau ba. Chris Chelios da kuka karɓo daga Chicago a 1999 ya yi mana shekara goma, Rafalski da kuka sayo a 2007 ya biya kuɗinsa tun shekarar farko. Sai dai ku lura, dukansu sun zo ne sun tarar da Lidström a gabansu yana ɗauke da kaya mafi nauyi. Murphy ana yi masa ihu a Toronto, ya zo gefensa ya ci kofi biyu a jere. Ian White ya yi ta yawo tsakanin ƙungiyoyi, bana ya tsaya gefensa ya yi kakar da ba ta da makusa. Inuwar da ke gyara duk wanda kuka kawo ita ce ta gushe. Daga yau wanda kuka saya, yadda yake haka za ku gan shi.

Yallaɓai Mike Ilitch, kowa a garin nan ya san hannunku a buɗe yake. Kun karɓi ƙungiyar nan a 1982 lokacin da kujeru ke zama ba kowa, kun mai da ita abin alfahari. A Janairun bana kun ba Prince Fielder dala miliyan 214 don Tigers, ƙungiyarku ta wasan baseball, domin kuna son ku ga kofi. Amma hoki tun 2005 yana da iyakar albashi, kuma yarjejeniyar da ke tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa za ta ƙare ranar 15 ga Satumba. Ba wanda zai iya rantsuwa a kan dokar da za ta biyo baya, kuma mun ga yadda kakar 2004 zuwa 2005 ta salwanta gaba ɗaya a kan irin wannan taƙaddama. Muna ɗauke da kwantiragin Zetterberg na shekara 12 da na Johan Franzén na shekara 11. Albashin Lidström da na Stuart sun bar muku kusan dala miliyan 10 a hannu. In Suter ne, a kashe. In ba shi ba, ina roƙonku kada ku ba ɗan baya na uku albashin na ɗaya har shekara shida don kawai a ce kun yi wani abu. Kuɗin da ba a kashe a Yuli ba yana nan, zai yi amfani a Janairu ko Fabrairu, lokacin da ƙungiyoyin da suka fid da rai ke sakin mutanensu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A raba aikin. Kronwall, mai shekara 31, shi zai gaji mintuna masu nauyi, kuma ya cancanta. Ƙwallo 15 ya ci bana. Amma Kronwall da muka sani mai fitowa ne ya tari ɗan gaba da ƙirji har fili ya ɗauki sowa, kuma yana iya yin haka ne domin Stuart na bayansa yana rufe ƙofa. In ya zama na ɗaya, dole ya rage wannan, kuma dole a samo masa abokin da ke zama a gida. Jonathan Ericsson, wanda shi ne na ƙarshe da aka kira a zaɓen 2002, na 291, ya sha zagi a bakin magoya baya tun da kuka ƙara masa albashi bara, amma ni na ga yadda ya gyaru idan muna da giɓin mutum. A ba shi wannan aiki ya zama nasa, a daina jiran ya zama mai cin ƙwallo. Jan ragamar hari kuwa ba lallai ne ya zauna a hannun ɗan baya ba. Kuna da Datsyuk da Zetterberg. A gina shirin daga jikin katanga inda suke, na kan shuɗin layi ya zama mai miƙawa da bugawa.

Akwai kuma batun hannu, wanda Koci Babcock ya fi kowa damuwa da shi. Kronwall, Ericsson, Quincey, Jakub Kindl, Smith, duk da hagu suke riƙe sanda. Suter ma haka. White kaɗai ne na dama. Ɗan bayan da ke wasa a gefen da ba nasa ba yakan karɓi ƙwallo da bayan sanda, ya ɓata rabin daƙiƙa kafin ya juya, kuma a wannan wasa rabin daƙiƙa ita ce tsakanin fita lafiya da ƙwallo a raga. In za ku yi musaya, kuma kuna da 'yan gaba da za ku iya bayarwa, ku nemi na dama mai shekara ƙasa da 28, ko da ba sananne ba ne. In kuma Justin Schultz na Jami'ar Wisconsin bai daidaita da Anaheim ba ya fito kasuwa, na dama ne, matashi ne, albashinsa na sabon shiga ne, kuma sun yi wasa tare da Smith har suka kai wasan ƙarshe na jami'o'i a nan Ford Field a 2010. Ku zauna da shi ku nuna masa giɓin da ke jiransa.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, kuma da ku nake, Koci. Al'adar gidan nan ita ce a bar yaro a ƙaramar ƙungiyarmu ta Grand Rapids har ya nuna ya yi luguf kafin a ɗauko shi. Ta yi mana rana lokacin da sahun gaba ke cike da gwanaye. Wannan zamani ya wuce. Smith yana da shekara 23, ya ci maki 52 a kakarsa ta ƙarshe a jami'a, ya yi shekara biyu a ƙaramar ƙungiya, kuma a wasanni 14 da kuka ba shi bana bai ba ku kunya ba. Yana da rawar kai, na sani. Dakatarwar da aka yi masa a wasannin share fage ta nuna haka. Zai kutsa gaba lokacin da ya kamata ya tsaya, zai ba da ƙwallo a inda bai kamata ba. Amma abin da bai iya ba a nan zai koye shi, a gaban irin su Jonathan Toews da Corey Perry, ba a motar safa tsakanin ƙananan garuruwa ba. Kindl kuwa tun 2005 kuka zaɓe shi. Shekara bakwai ke nan, kuma har yau dare ɗaya yana ciki, dare ɗaya yana sama da kwat yana kallo. Ko ku ba shi wasa 40 a jere ku san ko wane ne shi, ko ku sake shi ya nemi rabonsa. Lidström kansa yana da shekara 21 aka jefa shi ciki, ya buga duk wasanni 80 na kakarsa ta farko, kuma an haɗa shi da marigayi Brad McCrimmon ya riƙe masa hannu. Ku samo wa Smith McCrimmon nasa. Wannan sayayya ce mai araha, kuma ta fi mini muhimmanci a kan babban suna.

Ku dubi waɗanda suka ɗaga kofi ranar Litinin ɗin nan. Los Angeles ta shigo a matsayi na takwas, ta ci wasa 16 ta faɗi 4. Drew Doughty, Slava Voynov da Alec Martinez renon gida ne. Kowannensu an haɗa shi da babba mai zaman gida, Rob Scuderi, Willie Mitchell, Matt Greene, waɗanda ba a sayo su don suna ba sai don aiki takamaimai. Na yarda Doughty na biyu aka ɗauka a zaɓen matasa na 2008, mu kuwa rabonmu da zaɓe cikin goman farko tun 1991. Amma Voynov na 32 ne, Martinez na 95. Shi kansa Lidström na 53 aka kira shi a 1989, bayan mai farautar matasa Christer Rockström ya gano shi a Västerås ta ƙasar Suwidin, a shekarar da kuka ɗauki Sergei Fedorov na 74 da Konstantinov na 221. Irin idon da ya ga waɗannan yana nan a gidanku. Håkan Andersson, mai nemo muku matasa, bai daina zaga filayen Suwidin ba. Ku daina sayar da zaɓen farko don gyaran wata biyu. Kuma tun da Lidström zai koma ƙasarsa da iyalinsa, ku roƙe shi ya riƙa leƙa muku yara a can, ya kuma zo sansanin horo na Traverse City ko na mako ɗaya ne ya tsaya kusa da Smith da Xavier Ouellet da Ryan Sproul, ya nuna musu inda ake ajiye sanda.

Kaka 21 a jere muna shiga zagayen neman kofi. Abin alfahari ne, ni ma ina faɗarsa da ƙirji a buɗe. Amma ina tsoron kada kare wannan lissafi ya zama shi ne manufa, a riƙa toshe ɓaraka da tsofaffi kowace shekara don a samu a leƙa a fito a zagayen farko. Ku gaya mana gaskiya, za mu iya ɗauka. Mutanen garin nan sun ga masana'antu sun rufe, sun ga maƙwabta sun kwashe kaya sun bar gidajensu, ba kaka ɗaya mai wuya ce za ta kore su daga Joe Louis ba. Da kyaftin Steve Yzerman ya tafi a 2006 ba ku je neman wani Yzerman ba. Kun ba Lidström harafin kyaftin, kun bar Datsyuk da Zetterberg sun girma, bayan shekara biyu kofi ya dawo. Harafin yanzu Zetterberg ya kamata a ba, kuma ban ga abin jinkiri a kai ba. Lamba 5 kuwa a ɗaga ta sama kusa da 19 ta Yzerman da 9 ta Gordie Howe, kada a bari wani ya ko tambaye ta.

Ɗana na biyu a nan aka haife shi, ɗan baya ne a ƙungiyar yara ta unguwarmu, kuma tun yana shekara shida ba ya yarda da wata lamba sai 5. Da na dawo gida ranar da aka yi sanarwar, tambayar da ya tare ni da ita ita ce wa zai riƙa kallo yanzu don ya koya. Na ce masa ya jira Oktoba. In Allah ya kai mu kuma an fara kaka a kan lokaci, za mu zo mu biyu, a kujerunmu na can sama. Na san a wani dare cikin makonnin farko Smith zai yi kuskure a kan shuɗin layi, a kwashe ƙwallo a ci mu, fili ya yi tsit. Ba allon maki zan kalla ba a lokacin, Koci, bencinku zan kalla, in ga ko za ku dafa kafaɗarsa ku sake tura shi ciki a zagayensa na gaba.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani magoyin baya tun 1997